Shamuwa: jirgin da na ƙera a waya, aka ce a Kano aka yi shi a 1942

  Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta barin su saurari murya, da kuma masu cewa sun fi gane abu idan sun karanta da idonsu.

Yau zan fara ne da ban haƙuri, kafin in shiga labari. Wasunku sun ga wani hoto fari da baƙi yana yawo a Facebook da WhatsApp kwanakin nan. Jirgi ne mai farfela biyu, mai dogayen fikafikai, hancinsa duk gilashi, an rubuta a ƙasansa wai jirgin yaƙi na farko da aka ƙera a Kano a shekarar 1942. To, ku saurare ni da kyau: wannan jirgin bai taɓa wanzuwa ba. Ba a ƙera shi a Kano ba, ba a ƙera shi a Ingila ba. Ni na haɗa shi a wayata, a cikin wani gem, ina kwance a kan tabarma. Sunansa Shamuwa. Yadda aka yi ya tsallake daga wayata ya zama "tarihi", zan zo kansa. Amma bari in fara da jirgin kansa, don wallahi na sha wahalarsa, kuma abin da na koya a wajen haɗa shi ya fi ƙaryar da aka yi da shi daɗin ji.

Gem ɗin sunansa SimplePlanes, wani ƙaramin kamfani mai suna Jundroo ne ya yi shi a Amurka. Yana aiki a waya, yana aiki a kwamfuta. Ba irin wasan da za a ba ka jirgi shiryayye a ce tuƙa ba ne. A'a, kaya za a zube maka: gangar jiki gunduwa-gunduwa, fikafikai, injina, tayoyi, tankin mai, bama-bamai. Kai za ka ja wannan ka miƙar, ka matse wancan, ka liƙa su. In ka gama sai ka kai shi titin jirgi ka ba shi wuta. In ka haɗa daidai ya tashi. In ba ka haɗa daidai ba, gem ɗin ba ya jin kunyarka, a gabanka zai tarwatse.

Abin da na sa a gaba shi ne jirgin zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu suke ce wa Yaƙin Hitila. Kuma ba jirgin faɗa ba, irin wanda yake aiki biyu: ya je ya leƙo asirin abokan gaba da kyamara, in hali ya yi kuma ya sakar musu bam. Shi ya sa na sa masa Shamuwa. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya sani, in ka ga shamuwa ta sauka a kan bishiya, to damina na tafe. Ita ce ke riga ruwa isowa. Haka jirgin leƙen asiri yake, in mutanen gari suka gan shi can sama shi kaɗai yana wucewa shiru, sun san akwai abin da ke biye da shi.

Ba daga kaina na zaro fasalinsa gaba ɗaya ba. Akwai jirgin gaske da na ɗora ido a kai, Martin Maryland. Jirgin Amurka ne, ya fara tashi a 1939, amma sojan Amurka ba su ɗauke shi ba, wani jirgin kamfanin Douglas suka zaɓa. Faransa ce ta saya. Da Faransa ta faɗi hannun Jamus a watan Yuni 1940, ragowar sai suka koma hannun Ingila. Mutum uku ne a cikinsa, kuma cikin nasa siriri ne ƙwarai, har ta kai ba mai iya barin kujerarsa ya je wajen ɗan'uwansa. Inda aka zaunar da kai, nan za ka zauna har a sauka. Amma yana da gudu, kusan kilomita 490 a awa, wanda a lokacin ba ƙaramin abu ba ne ga jirgi mai ɗaukar bam.

Wannan jirgin ne wani matuƙi Bature, Adrian Warburton, ya riƙa tashi da shi daga tsibirin Malta yana ɗauko hotunan tashar jiragen ruwan Taranto a Italiya. Da hotunan da jiragen Maryland na Malta suka kawo aka san inda manyan jiragen ruwan yaƙin Italiya suke ɗaure. A daren 11 ga Nuwamba 1940, jirage 21 samfurin Swordfish, tsofaffin yayi masu fiffike hawa biyu, suka tashi daga kan jirgin ruwa suka afka wa tashar, suka nakasa manyan jiragen yaƙi uku a dare guda. Kun ga shamuwa kenan, kun ga ruwa. Shi Warburton ɗin, a Afrilun 1944 ya tashi aiki bai dawo ba, sai a 2002 aka tono tarkacen jirginsa da gawarsa a wata gona a kudancin Jamus. Shekara 58.

To, na zauna na fara haɗi. Gangar jiki siririya kamar ta Maryland, amma na ƙara wa fikafikan tsawo har mita 21, saboda ina so ya yi nisa a sama kuma ya daɗe. Dalilin shi ne, fiffike dogo siriri ya fi gajere mai faɗi sauƙin ratsa iska idan ana tafiyar a hankali a can sama. Ku dubi ungulu, sai ta yi awa tana shawagi ba ta kaɗa fiffike ba. Ku dubi tattabara kuma, kullum cikin fiffika take. Na sa inji biyu, na yi masa hancin gilashi inda mai duba hanya zai zauna, matuƙi a bayansa, mai rediyo da bindiga a can baya. Na kwana uku ina gyaran gilashin hancin nan kawai. Wayata ta yi zafi kamar an ciro ta daga tanda, don da gutsattsarin suka haura 400 sai ta fara tsaitsayawa.

Ranar tashin farko na kira ƙanena ya zo ya gani. Na ba shi wuta, ya ruga a kan titi, tayoyi suka bar ƙasa. Ban ko ja sitiyari ba sai na ga hanci ya ɗaga, ya ɗaga, ya ci gaba da ɗagawa har jirgin ya tsaya a tsaye kamar doki ya yi tirjiya. Daga nan gudu ya ƙare, ya sulalo da baya, ya daki ƙasa da wutsiya. Wuta ta tashi. Ƙanena ya ce, "Yaya, wannan ai ba shamuwa ba ce, kaza ce." Ban tanka masa ba.

Ga abin da ya faru, kuma nan ne karatun yake. A cikin gem ɗin akwai wasu ƙwallaye da ake nuna maka a jikin jirgi. Ɗaya tana nuna cibiyar nauyi, wato wurin da in ka ɗora jirgin a kan yatsa zai tsaya bai karkata ba. Ɗaya kuma tana nuna cibiyar ɗagawa, wato wurin da ƙarfin iska yake tattaruwa ya ɗaga shi. Ƙa'idar ita ce, ta nauyi ta kasance a gaba kaɗan, ta ɗagawa a bayanta. In haka ne, duk lokacin da iska ta bugi hanci ya ɗaga, jirgin da kansa zai mayar da shi ƙasa. Kamar kibiya ce, ƙarfen yana gaba, shi ya sa take tafiya da kai. In ka juya lissafin, nauyi ya koma baya, to ɗan ɗagawar da hanci ya yi sai ta haifi wata, wata ta haifi wata, har fiffike ya saki iska. Ni kuwa na ɗauki nauyin kyamarori uku na jibge su a bayan fiffike, saboda can ne na ga fili.

Sai na ce to ai da sauƙi. Na ɗauko bama-bamai huɗu na tura su gaba, kusa da hanci, don su rinjayi kyamarorin. Kai, jirgi ya tashi lafiya lau, kamar an shafa masa mai. Na zagaya tsibiri, na yi murna, na nufi inda zan gwada jifa. Ina danna maɓallin sakin bam, nauyin gaba ya tafi gaba ɗaya, hanci ya sake yin sama. Jiya i yau. Na faɗa teku.

A nan ne na gane abin da na daɗe ina gani a hotuna ban taɓa tambayar dalilinsa ba. Ku duba kowane jirgin bam na wancan zamani, Lancaster ne, B-17 ne, Blenheim ne, za ku ga rumbun bam ɗin yana daidai ƙarƙashin fiffike, ko dab da shi. Ba ado ba ne. Duk abin da zai bar jikin jirgi ana cikin tafiya, dole a ajiye shi a kan cibiyar nauyi, don in ya tafi kada ma'auni ya goce. Bam zai tafi. Mai ma zai tafi, a hankali, ana ƙona shi. Saboda haka shi ma mai wurin nan yake so. Ita kuma kyamara tana son ta kalli ƙasa kai tsaye, ba farfela a gabanta, ba hayaƙin inji, ba man da ke tsiyaya ya ɓata mata gilashi, ita ma dai cikin jirgin take nema. Kishiyoyi uku kenan, ɗaki ɗaya. Duk wadda ka ba, biyu za su yi yaji.

Na kwashe kusan mako biyu a kan wannan rabon ɗaki. A ƙarshe mai na tura shi cikin fikafikai, bam na bar shi a tsakiya, kyamarori biyu a bayan rumbun bam kaɗan, ɗaya a hanci tana kallon gefe, sannan na ja fiffiken gaba ɗaya baya da ɗan taƙi. Ya daidaita. Amma sai ga wata sabuwa: jirgin ya yi nauyi. Da bam huɗu da cikakken mai, sai ya cinye kusan duk titin kafin ya tashi, kuma in ya hau sama ba ya kai inda nake so. In na cire bam, ya haye kamar ba shi ba. In na mayar, ya koma jaki da kaya.

Wannan ciwon kan ba ni na fara shi ba, Turawan ma sun yi fama da shi da jini, ba da batirin waya ba. A farkon yaƙin, Ingila tana aika jiragen Blenheim su ɗauko hoto a Jamus. Jirgin bam ne aka saka wa kyamara, ba shi da gudun tsere wa jiragen faɗa, ba shi da bindigar da zai kare kansa sosai, aka yi ta harbo su. Sai wasu mutum biyu suka zo da wata shawara da ta yi kama da hauka. Ɗaya Sidney Cotton, mutumin Ostareliya, wanda tun kafin yaƙi a 1939 yake shiga Jamus da ƙaramin jirginsa a matsayin ɗan kasuwa, alhali ya ɓoye kyamarori a cikinsa. Ɗayan kuma wani hafsa, Maurice Longbottom. Suka ce a ɗauki Spitfire, jirgin faɗa mafi gudu, a cire masa bindigogi duka, a goge jikinsa ya yi sumul, a cika shi da mai da kyamara, a tura mutum ɗaya ba makami. Kariyarsa gudu da nisa a sama. Kuma abin ya yi aiki. Daga baya Mosquito ya zo, jirgin da aka yi da katako, inji biyu na Merlin, ya fara aikin ɗaukar hoto a Satumban 1941, shi ma ba bindiga ko ɗaya.

Ra'ayina, bayan na sha wannan wahala da hannuna, shi ne: jirgin da aka ce ya yi leƙen asiri kuma ya yi jifa, an ɗora masa taura biyu ne. Mai leƙe so yake kada a gan shi, ya je ya dawo da hoto. Mai jifa kuwa da ya saki bam ya sanar da kowa ga shi nan. Hoton da bai dawo gida ba kuwa ba shi da amfani ko na sisi. Ina ganin ƙasashe sun riƙa yin irin waɗannan jirage ne saboda kuɗi da ƙarancin jirage, ba don shi ne ya fi ba. Amma na bar wa Shamuwa bam biyu, na cire biyu, don in na cire duka ta tashi daga abin da na yi niyya.

Bari in ɗan tsaya a kan kyamarar, don lissafinta yana da daɗi kuma ba wuya. Girman abin da zai fito a hoto ya dogara da abu biyu: tsawon zuƙowar gilashin kyamara, da nisan jirgi daga ƙasa. Ka raba na farko da na biyu. Ingila tana da wata kyamara, F52, da ake saka mata gilashi mai inci 36, wato ƙafa 3. In jirgi yana sama ƙafa 30,000, ka raba 3 da 30,000, ka sami ɗaya cikin 10,000. Ma'ana, santimita ɗaya a hoto mita 100 ce a ƙasa. Filin ƙwallo guda zai fito kamar faɗin farcen ɗan yatsa. Kuma ba hoto ɗaya ake ɗauka ba, jere ake yi, kowane hoto yana hawa kan na bayansa da kusan kashi 60 cikin ɗari. Me ya sa? Don in aka ajiye biyu gefe da gefe aka duba da wani tabarau na musamman, sai gini ya taso, rami ya nutse, kamar kana kallo da idonka biyu daga sama. A wani gida da ke Medmenham a Ingila aka tara masu wannan aikin, mata da yawa a cikinsu. Ɗaya daga cikinsu, Constance Babington Smith, ita ta hango wani ɗan ƙaramin abu mai fiffike a kan turakar harbawa a hotunan Peenemünde a ƙarshen 1943, wanda ya tabbata bam mai tashi ne na V-1. Wannan yana nufin matuƙi dole ya miƙe sambal, kada ya karkata, kada ya canza gudu, a daidai lokacin da ake harbinsa daga ƙasa. Na gwada a gem, ba mai harbina, ina kwance, amma minti biyu na kasa riƙe layi.

Sauka ma wani babi ne. Jiragen lokacin yawanci tayoyi biyu ne a gaba, ƙarama ɗaya a wutsiya. Na sa na gaban sun yi baya da yawa, ina taka birki sai jirgin ya kifa da hanci, farfela ta ci ƙasa. Na matsar da su gaba, sai ya koma yana juyawa a kan titi kamar mai neman abin da ya yar. Sannan na gwada kashe inji ɗaya a sama, in ga ko zai kai gida. Ina! Injin da ya rage ya ja shi gefe, wutsiyar ta yi ƙanƙanta ta kasa riƙe shi, ya yi ta wulwulawa har ƙasa. Sai da na ƙara mata girma. Ta rage kyau, gaskiya, amma yanzu da inji ɗaya ina iya lallaɓawa in sauka.

To yanzu ga inda na yi kuskure.

Da jirgin ya kammala, daɗi ya ɗebe ni. Na ɗauki hotonsa a kan titi, na mayar da shi fari da baƙi, na zuba masa ɗigo-ɗigo da ƙarce-ƙarce kamar tsohon hoton da aka ciro daga akwatin kaka. Na rubuta masa ɗan labari na ƙage, wai an yi guda goma sha biyu, wai sun yi aiki a hamada. Masu irin wannan wasan haka suke yi, kowa yana ƙaga wa jirginsa tarihi, kuma kowa ya san wasa ne. A ƙarshen rubutun na sa cewa ƙirƙira ce daga gem. Layi ɗaya, can ƙasa.

Bayan kwana huɗu wani shafi ya ɗauki hoton, ya yar da layin nan, ya ƙara nasa gishirin. Wai a Kano aka ƙera, wai maƙeran gari ne suka haɗa da hannu, wai Turawa suka ɓoye labarin don kada a san bajintarmu. Daga nan abin ya bazu. Na shiga na rubuta cewa ni na yi, a waya, ga asalin hoton mai kala. Wani ya ce min ɗan baƙin ciki ne ni, ba na son ci gaban Arewa. Wani ya ce Yahudawa ne suka biya ni. A kan jirgin da na haɗa ina cin gyaɗa!

Dariya nake yi har lokacin da abu biyu suka faru. Na farko, kawuna ya kira ni. Dattijo ne, ba ya wasa. Ya ce, "Ka ga jirgin nan da ake nunawa? Ai Baba ya sha ba mu labarin jiragen da suke sauka a Kano lokacin yaƙi. Ashe ga shi." Muryarsa har rawa take. Na rasa ta inda zan fara. Na ce, "Kawu, Allah ya ba ka haƙuri, labarin da Baba ya ba ku gaskiya ne, amma hoton nan ni na yi shi." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Allah ya shirye ka." Ya kashe. Na biyu, wata ɗaliba ta turo min saƙo tana tambaya ko ina da ƙarin bayani, don tana so ta sa jirgin a aikin da za ta miƙa a makaranta. Da ba ta tambaya ba fa? Da ya shiga takarda, wani ya kwafa daga takardar, shekara goma nan gaba ya zama abin da "kowa ya sani".

Ba zan ɗora wa mai shafin laifin duka ba. Ni na tsufar da hoton da gangan. Ni na sa gargaɗin a inda almakashi zai fi saurin cire shi. Wanda ya haƙa rijiya a bakin hanya bai rufe ba, ba zai ce laifin makaho ne ba.

Abin da ya fi ba ni haushi kuma shi ne, labarin gaskiyar da kakanmu ya bayar ya fi nawa nesa ba kusa ba, kuma mutane da yawa ba su san shi ba. Tun ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, samfurin DH.9A, suka sauka a Kano daga Masar, su ne jiragen farko da suka sauka a Najeriya. Sannan da Italiya ta shiga yaƙi a 1940, Bahar Rum ta zama haɗari ga jiragen ruwan Ingila, kai jiragen sama Masar ya zama aiki. Sai aka buɗe wata hanya. A kawo jirage a cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi, a ƙasar Gana ta yanzu, a haɗa su a can, sannan a tuƙo su: Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda ita ce Injamena a yau, Aljunaina, Alfashir, Khartum, sannan a bi kogin Nilu har Masar. Tafiyar kusan kilomita 6,000, ana yin ta cikin kamar kwana shida. Ayarin farko ya tashi a Satumban 1940, Blenheim ɗaya a gaba mai ɗauke da mai duba hanya, Hurricane shida suna binsa kamar ƴan tsaki. Kafin ƙarshen 1943 jirage sama da 5,000 sun bi wannan hanya. Kuma a cikinsu akwai Maryland ɗin nan da na kwaikwaya.

Kun ga kenan, ba a ƙera jirgin yaƙi a Kano a 1942 ba, amma jiragen da suka yi yaƙin hamadar Arewacin Afirka da yawansu sun sha mai a Kano, sun kwana a Maiduguri. Hanyar nan ma in kun lura, kusan ita ce tsohuwar hanyar alhazai ta ƙasa, wadda kakanni suke bi ta Chadi da Sudan. Hanya ta yiwu ne kuma saboda gwamnan Chadi na lokacin, Félix Éboué, ya bi ɓangaren Janar de Gaulle a watan Agustan 1940. Da ya tsaya tare da gwamnatin Faransa da ta miƙa wuya ga Jamus, da an toshe tsakiyar hanyar.

Akwai abin da gem ba zai taɓa koya maka ba game da wannan tafiya. Shamuwa ba ta san ƙurar hunturu ba, wadda take rufe ƙasa har matuƙi ya kasa ganin titi. Ba ta san yashi yana shiga inji yana cinye shi ba. Ba ta san zafin Afrilu ba, lokacin da iska take yin sako-sako, fiffike ya kasa samun abin kamawa, jirgi ya buƙaci titi mai tsawo fiye da na kullum. In na faɗi, maɓalli ɗaya nake dannawa in dawo kan titi. Na ƙirga, na faɗi sau 60 da wani abu kafin jirgin nan ya daidaita. Waɗancan mutanen sau ɗaya ake ba su.

Na sake komawa wajen kawu da kaina ranar Juma'a, na kai masa taswirar hanyar Takoradi da na buga a takarda, da hoton Maryland na gaske. Ya sa tabarau ya daɗe yana bin garuruwan da yatsa. Da ya zo kan Alfashir sai ya ce ai wani ƙanen kakansu a can ya zauna a hanyar Makka bai dawo ba. Muka yi hira har la'asar. Bai ce ya huce ba, amma ya riƙe takardar.

Ita kuma Shamuwa, na yi mata fenti sabo. A gefen jikinta, da manyan haruffa daga fiffike har wutsiya, na rubuta ƘAGE NE, yadda duk wanda zai yanke rubutun sai ya yanke jirgin. Hotunanta daga yanzu masu kala ne. Roƙona gare ku, duk wanda ya tura wancan hoton a wani zaure, don Allah ya koma ya tura wannan rubutun a wurin. Ɗalibar nan kuma, in kina karantawa, ki rubuta a kan hanyar Takoradi, akwai abin rubutawa har ki gaji.

Masu tambaya ko zan saki jirgin su sauke su gwada, zan saki, amma sai na rage gutsattsarin, don a yadda yake yanzu ƙaramar waya ba za ta ɗauka ba. Kuma ku sani tun yanzu, in za ku sauka kada ku taka birki da ƙarfi, har yanzu tana da halin kifawa. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu duba Mosquito, yadda masu yin kujeru da kabad suka koma ƙera jirgin yaƙi. Ku bar tambayoyinku a ƙasa. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.